Haƙora Uku Sun Zube

A Sabon Gari, wajen 'yan gwangwan,
na tsince shi kife cikin tarkace,
tsohon kibod mai jikin katako,
haƙoransa uku sun zube.
Mai kilo ya ce dubu tara.
Na ba shi shida, har da kuɗin cefane.

Da na kwance bayansa,
zanzaro ya yi gini a kan wayoyi.
Jatau mai rediyo ya ciro min kafasita
daga mushen talabijin,
ya ranta min dalma.

Mako biyar ina ƙona yatsu.
Daren da aka kawo wuta na murɗa maɓalli:
ya yi tari, ya yi gurnani,
ya ja dogon numfashi
kamar jirgin ƙasa daga nesa.
Inna ta ajiye ludayi:
"Wa ke kuka?"