Hannu Ɗaya a Aljihu

A Liepāja, rana kan yi sallama tun ƙarfe huɗu,
ta bar mu da iskar teku tana lalube a tagogi.
Nakan mayar da taragon da nake tuƙawa,
in hau bene na uku,
inda tsoho Laimonis ke jirana da shayin da ya huce
da lasifika biyu a kan tebur.
Sun girme ni. Sun girmi uwata.

Bakinsu takarda ce, baƙa, busasshiya kamar ɓawon albasa.
Ɓera ya ɗanɗana gefen ɗaya.
Muka toshe ramin da takardar tace kofi
da ɗigon gam a kan tsinke.

"Waɗannan ba su da maganaɗisu!" in ji shi da ƙarfi,
don kurma ba ya auna muryarsa.
"Sai wuta ta ratsa naɗin wayar da ke ƙeyarsu
kafin su tuna suna da abin faɗa."

Akwatin ƙarfe babu.
Na ɗauko tiren da nake gasa kifi, na kife shi,
na yi masa huji huɗu.
Har yau in ya ɗau zafi yakan tuna da sana'arsa ta da.
Bawul huɗu, 'yan kwalaben da aka zuƙe wa iska,
ya zaro su daga cikin safar sanyi
kamar mai fito da ƙwai.
Taransifoma kuwa, nauyin jaririn wata biyu.

Hannunsa rawa yake, sai ya zama ido, ni na zama yatsu.
Ya zana mini hanyar wuta a bayan takardar magani.
Dalma ta narke, hayaƙin ƙaro ya miƙe siriri,
na ƙona ɗan ali sau uku.

"Dzintra! Hannu ɗaya a aljihu.
Wannan wutar ba ta neman izini.
In ta shiga ta dama ta fita ta hagu,
zuciya ce mashigarta.
Kuma kada ki yarda da kwandansa don kin zare soket:
yana kwana da fushinsa."

Dare na goma sha tara muka kunna.
Shiru.
Can sai ja-ja ya ɓullo a cikin kwalaben,
a hankali, kamar garwashin da aka tono daga toka.
Sai gurnani,
zuma a cikin tulu, babu tashi babu sauka.

Na rubuta masa: tana gunaguni.
Bai duba ba.
Ya riga ya ɗora kan yatsu uku a jikin takardar,
idonsa a rufe.
"Na sani. Wayoyin ɗumama bawul ne.
Tufke su kamar igiya, ki kwantar da su can lungun tire,
nesa da inda murya ke shigowa."

Na tufke. Na kwance. Na sāke.
Kwana uku dusar ƙanƙara na taruwa a dokin taga,
gurnanin na janyewa kaɗan-kaɗan
har ya nutse.

Na jona ƙaramar rediyona.
Kiɗa na so ya fito, abin da ya cancanci wahalar,
sai ga rahoton yanayi na masu jiragen ruwa.
Amma muryar!
Da kauri, da ɗumi, kamar mai maganar na zaune a kujerar da babu kowa.

Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗakin rediyon jirgin kamun kifi
ya shimfiɗa tafinsa dab da takardar, ya daɗe.
"Mace ce," ya ce. "Ba ta gaggawa. Me take cewa?"

Na rubuta: gobe guguwa daga yamma.

Ya shafa gwiwarsa, ya yi ɗan tsaki.
"Jibi dai."

Muka zauna, kwalabe huɗu na haska mana haɓa,
ɗakin na ɗan ƙamshin kifi.
Sai da na miƙa hannu zan ɗauki shayi
na ga na hagun yana aljihu har yanzu.