Mai Ƙirgan Ayu

Ubana Nomau basarke ne daga Yawuri,
da zago ya san ayu, ba da biro ba.
In ya kayar da guda, gari ya kwana da ƙamshi,
kitsen a kwalba, masu neman magani a layi,
ƙashin haƙarƙari ma kuɗi ne a kasuwa.

Ni kuwa ga ni a Epe, bakin tafkin Ikko,
shekara goma sha ɗaya ina jefa birgi.
Rabin abin da nake ɗagowa gorar roba ne,
da leda, da silifa ƙafa ɗaya.
Kifin kamar an yi masa kashedi,
ya rage zuwa.

Ran nan sai ga Morenike da jakar takardu,
takalminta ya sha taɓo har idon sawu.
Ta ce wata gidauniya ta ba da tallafi,
wata goma sha takwas, babu ƙari,
don a san ko saura nawa a cikin ruwa.
An gaya mata akwai wani Bahaushe
da ke gane ayu tun daga kumfar numfashi.
Na ce, “Gado ne, amma gadon kisa.”
Ta ce, “Idon muke so, Arzika.
Hannun ka bar shi ya huta tukunna.”
Na yi dariya, na karɓa.

Aka ba ni inji, da riga mai ruwan lemo,
da littafi mai gida uku:
rana, wuri, adadi.
Watan farko na cika shi da sifiri,
na biyu ma haka.
Ina karɓar albashi ina sunkuyar da kai,
kamar mai gadin gidan da aka riga aka kwashe.
Maƙwabcina Egbeyemi ya ce, “Rubuta uku mana,
wa zai nutsa ya duba?”
Na kwana ina juya maganar,
injin masu haƙar yashi na gurnani har asuba,
suna kwashe ƙasan tafki
don wasu su gina bene a Lekki su sha iska.
Da safe na sake zana sifiri,
ƙwai ne da ba ya ƙyanƙyashewa.

Wata na bakwai, Laraba, bayan na idar da salla,
na kashe inji, na bar filafili ya yi magana.
Can cikin kainuwa ganye ya motsa
ba iska, ba igiya.
Hanci ya ɓullo, baƙi, mai gashi tsilli-tsilli,
ya ja numfashi irin na tsoho da ya hau tudu.
A gefensa wani ƙarami,
manne da haƙarƙarin uwa.

Wallahi hannuna ne ya tafi da kansa
inda Nomau ke ajiye zago.
Ya lalubo, ya lalubo,
sai biro.
Na rubuta biyu, yatsuna na rawa.

Yanzu saura wata biyar kuɗin su ƙare.
Morenike na raba dare tana rubuta roƙo da Turanci
zuwa ga mutanen da ba su taɓa shaƙar warin tafkin nan ba,
su za su ce a ci gaba ko a naɗe tabarma.
Ayu bai san da wannan ba,
ciyawa kawai yake ci, ɗansa na girma.

Jiya wani ya bugo mini daga arewa,
ya ji labari, yana son kwalba ɗaya,
zai biya albashina na wata uku.
Na dubi kwanon gida, na dubi littafi.
Na ce, “Alhaji, ayu a Legas?
Ai ni ban taɓa gani ba.”

Ƙaryar da na yi ke nan a aikin nan, guda ɗaya.
Allah Ya yafe mini ita,
Ya bar biyun a ruwa.