Bakwaini

Lauyar ta juya bayan takarda, ta ɗauki fensir,
ta rubuta ranar da na haife ka
kamar ita ta yanke maka cibi.
Ta tara, ta ɗebe watannin da fayil ya kwana a ofis,
ta ja layi.
Ashirin da ɗaya, ta ce, da kwana arba'in da ɗaya.
Sai ta miƙo min ruwa a kofin takarda.

A waje Columbus ta yi fari fat.
Na tsaya jiran bas a titin Cleveland
ina ƙirga da yatsu cikin safar hannu,
ko Allah zai sa ta yi kuskure.
Ba ta yi ba.

Mudassir, shekararka bakwai
ran da kawunka Tukur ya cike mana takardun nan.
A hoton farko haƙoranka biyu na gaba babu,
mai hoto yana ta ce maka rufe baki.
A na biyu wuyanka ya yi tsawo.
A na ƙarshe ga gemu ya tsiro,
ka fi babanka da rabin kai.
Shekara sha huɗu muna shayar da kai, muna ɗinka maka sabon wando,
ashe kowace loma tana tura ka bakin ƙofa.

Abin da ban faɗa wa lauya ba:
kai bakwaini ne.
Ranar wata Talata a Gusau ina tsakiyar wanki ka taho,
saura wata biyu cif.
Aka naɗe ka cikin auduga,
kakarka ta ɗaga ka a tafin hannu ɗaya
ta ce wannan ina zai je da sauri haka?
Da ka zauna,
da ka yi haƙuri a cikina kamar 'ya'yan mutane,
da yanzu takalminka na bakin ƙofar nan,
jiƙe, kusa da na Zulaihat.
Sauri ya haifi nawa, haka tsofaffi ke cewa,
ban san da ɗana suke ba.

Da dare ina aiki gidan kula da tsofaffi.
Akwai wata, Misis Delaney, ta haura casa'in,
ɗanta kan zo ran Lahadi da sanda da furfura,
ta kama kumatunsa ta ce ga jaririna.
Ba mai tambayarta takarda.
Ni kuwa an ce nawa ya daina zama yaro
tun wata Alhamis da ban ma lura da ita ba,
wataƙila tuwo na tuƙa ranar,
wataƙila na aike ka cefane.

Akwai wani layin, in ji lauya.
Zan iya sake nema maka, a matsayin babba.
Shekara bakwai, ko tara, ba ta da tabbas.
Sharaɗi ɗaya: kada ka yi aure.
Ta faɗe shi kamar mai cewa kada a manta da sa hannu.
Ba ta san Rumasa'u ba,
ba ta san kun fara tara kuɗin akwati ba.
Da wane baki zan ce maka
ka ajiye yarinyar mutane ka jira ni?

Faranti biyar na saya a kantin 'yan Somaliya.
Babanka ya ce huɗu ne mu.
Na ce na sani.

Jiya na kira ka bayan na tashi aiki,
nan asuba, can rana ta take.
Ina jin ƙarar janareto a bayanka
da wani yana tambayar kuɗin cajin waya.
Na fara yi maka lissafin, muryata ta ƙi.
Ka ce, Umma, ki daina kuka,
ai na girma.

Na sani, ɗana.
Su ma abin da suka ce ke nan.