Igiyar Nomau

Ƙarfe shida saura kwata aka miƙo min takardar,
shafi goma sha ɗaya daga taron duniya kan yanayi,
aka ce in mayar da ita Hausa kafin labarun bakwai.

Ɗakin rediyonmu na Tawa, kuran ya ɗauke,
fanka ta tsaya cak,
gumina na ɗiga kan sakin layi na huɗu
inda manya suka nuna matuƙar damuwa.

Damuwa, ina da kalmarta.
Amma an ce kwana biyu suka yi suna ja-in-ja
ko a rubuta "dole" ko a rubuta "ya kamata".
Da asuba "ya kamata" ta yi kaye,
aka tafa,
kowa ya ja jakarsa zuwa jirgi.

Kawuna Nomau na Bagga bai san digiri ɗaya da rabi ba,
shi da igiya yake awo.
Shekarar da na fara wannan aiki
gaba tara guga ke taɓa ruwa a garkarsa ta albasa.
Bara ya ƙulla ta sha huɗu.
Ƙulli biyar, taro biyar,
ni na ƙirga, shi ja kawai yake yi.
Damina kuma in ta tashi zuwa
sai ta juye na wata guda a dare ɗaya,
ta tafi da rumbu, ta tafi da akuyar Tsahara.

Da ya ji na ce an buɗe asusun biyan hasara
sai ya bugo waya:
"Arzika, a wace taga ake karɓa?
A zo da katin zaɓe ko da igiyar akuyar?"
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ban ce su daina zama ba.
Wataƙila da ba a zama
da igiyar ta fi haka tsawo. Wa ya sani?
Rijiya ba ta aika wakili.

Inji ya tashi, jar fitila ta kama,
na gyara murya na karanta:
an cimma matsaya, za a ci gaba baɗi.
Ban yi ƙarya ba, abin da suka faɗa na faɗa.

Ina fita saƙonsa ya shigo:
"Mun ji ka, muryarka ta fita tas.
In ka shiga kasuwa ran Lahadi
ka sayo min igiya, gaba biyu."