Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Ruwa na dukan taga a Dundee tun asuba,
shayina, ba sukari, ya huce a kan tebur.
Waya a kunne, yarinyar kamfanin inshora
tana karanto mini jikina layi-layi.

Suna? Ishbel Rennie.
Shekaru? Sittin da takwas, in na kai Maris.
Ina za ki? Porto, 'yata ce ta haihu.
Ta ce barka, irin barkar da aka haddace,
sannan ta shiga abin da ya haɗa mu.

Ciwon sukarin wane iri ne? Tun yaushe?
Allura nawa a yini? Ƙwaya nawa da dare?
Idanu fa? Ƙoda? Yatsun ƙafa suna nan?
Na zare silifas na ƙirga su, goma cif,
na ce mata duk suna gaishe ki.
Ba ta dara ba. Ana naɗar muryarmu.

Tambaya ta goma sha ɗaya:
cikin shekara biyun nan an kwantar da ke asibiti?

Nan harshena ya yi nauyi.
Dare ɗaya ne tak, bara, dab da Kirsimeti,
na zube a kanti, lemu ya watse ƙarƙashin kanta,
wani yaro yana bin su yana tsincewa.
Dare ɗaya. Wa zai tuna?
A'a gajeriyar kalma ce, ga ta da araha.

Sai Fergus ya faɗo mini a rai, ƙanen mijina,
shi da ya ce a'a ya tafi Florida,
ƙafa ta kumbura, kwana tara a gado,
kamfani ya tono takardun likita, ya kakkaɓe hannu.
Gidan nan mai kallon kogin Tay
shi aka sayar aka biya.
Yanzu haya yake, sama da shagon wanki.

Na ce e.
Na ji yatsunta suna tafiya kan maɓallai.
Fam ɗari biyu da sha huɗu.
Tikitin kansa tamanin da tara ne,
ashe jinina ya fi kujerar jirgi tsada.
Na biya. Na zagi bango bayan ta ajiye.

Daren tafiya na jera kaya kan gado:
insulin cikin 'yar jakar sanyi, ninki biyu na buƙata,
wasiƙar likita, na'urar gwaji, batir,
alewa a kowane aljihu kamar mai zuwa biki,
rigar sanyi 'yar mitsitsiya da na saƙa,
hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo.
Takardar inshora na linke huɗu, na sa kusa da fasfo.

A sama, tsakiyar teku, hannuna ya soma rawa,
gumi mai sanyi ya keto mini a wuya.
Na san baƙon, mun daɗe tare.
Alewa uku, na rufe ido, na ƙirga minti goma sha biyar.
Mutumin da ke gefena bai ko farka ba.

Porto duk hawa ce da gangara.
Duarte, surukina, yana ta tura mini kek mai ƙwai,
ina ta cewa rabi, rabin rabi.
Jaririyar ta kama yatsana,
wannan da na huda sau dubbai,
ta riƙe shi gam har ta yi barci.

Kwana goma sha biyu, ban kira lambar ba ko sau ɗaya.
Takardar ta dawo gida yadda ta tafi,
sai dai ɗan zagayen kofi a gefenta,
da awon ƙafar Ines da Catriona ta zana a bayanta
don in saƙa safa.
Tana manne jikin firji yanzu.
Wa'adinta ya ƙare ranar Talata.