Kwaɗo a Bakin Wasiƙa

Daren Laraba a Aliero, an ɗauke wuta tun magariba.
Warin albasa ya cika shagon ƙungiya,
buhu ɗari da arba'in jingine da bango
suna jiran mota, mota tana jiran kuɗi,
kuɗi kuwa bara sun bi wata hanya.

Bara ke nan. Wasiƙarmu ta kama hanyar Anaca,
wani ya tare ta a tsakani
kamar mai tare jaki a cikin kwari.
Ya goge lambar asusunmu, ya dasa tasa,
ya bar gaisuwata yadda na rubuta ta,
har da "ina gajiya", har da sunana, Arzika.
Mai saye ya biya. Mu muka sha rana.
Nomau ya sayar da bijiminsa,
bai ƙara ce mini kanzil ba sai ranar salla.

Yau Ige ta zo hutu,
'yar ƙanena, mai tabarau ɗaure da zare.
Ta ɗora kwamfuta kan buhun da ya fi tsayuwa,
ta ce, Baffa, riƙe fitila,
kada ka haska fuskata, haska yatsuna.

Ta ce imel gida biyu gare shi,
inda yake sauka da inda yake tashi,
kowane gida da ƙofofinsa masu lamba.
Ka daɗe kana bin ta ɗari da arba'in da uku,
ƙofar da ko asabari ba ta da shi,
duk mai wucewa ya ga abin da ke akushinka.
Ta share. Ta sa ɗari tara da casa'in da uku don mai shigowa,
ɗari huɗu da sittin da biyar don mai fita.
Na bi ta ina maimaitawa
kamar mai ƙirga buhu a bakin tirela.

Sai kalmar sirri.
Na ce, albasa.
Ta yi dariya har ta cire tabarau.
Baffa, ko akuyar garin nan ta san wannan.
Sai na tuna abin da tsohuwata kan ce wa rijiyarmu
in ruwa ya ja baya da bazara,
kalma bakwai da ba wanda ya ji sai ni da guga.
Na danna su da yatsa ɗaya, a hankali.
Ige ta kau da kai ba tare da na roƙa ba.

Jan rubutu ya faɗo kan allo:
shaidar sabar ba ta dace da sunanta ba.
Hannuna ya nufi "ci gaba", don haka na saba.
Ta doke shi kamar na kai shi bakin murhu.
Baƙon da sunansa ya saɓa da fuskarsa
ba a shimfiɗa masa tabarma.
Ta duba, ta sake dubawa.
Ashe harafi ɗaya muka tsallake,
bai fi ƙwayar irin albasa ba.

Ta gyara. Muka jira.
Sabis na hawa yana sauka.
Ruwan farko ya zuba shekaranjiya,
can fadama kwaɗi sun ɗauki kuka,
sai ga ɗan'uwansu a kusurwar allo,
ƙaramin kwaɗo, a kulle, bai ce uffan ba.

Na aika mata "gwaji". Aljihunta ya yi ƙara.
Ta ce, duk da haka, Baffa,
gobe ka kira Anaca da bakinka,
ka karanta musu lambar asusun sau biyu.
Kwaɗo na tsare hanya, ba ya tsare sakaci.

Muka fito. Na ja ƙyaure,
na danna kwaɗon ƙarfe, na jijjiga shi.
Fitilar Nomau na ci a zaurensa.
Na ce wa Ige ta yi gaba,
ni zan tsaya in yi sallama.