Baƙon da Bai Yi Sallama Ba

Ƙarfe goma, a ɗakin awo na asibitin Tawa,
Nomau ya aje kwalba a gabana:
fitsarin ɗansa, ja kamar ruwan zoɓo.
Ya ce, "Malam Tankari, ni ban ga cuta ba.
Haka na yi, haka ubana ya yi.
A Tabalak, yaron da bai yi jan fitsari ba
ai bai soma zama namiji ba."

Ban yi masa musu ba.
Na ɗiga ɗigo guda a kan gilashi,
na ce ya kafa ido a madubin.
Ya duba, ya ja da baya, ya sake dubawa.
"Mene ne wannan, kamar ƙwallon dabino,
da ƙaya ɗaya a gindi?"

Ƙwai ne, Nomau.
Uwarsa tana can cikin jijiyar yaron,
kwance a ƙirjin mijinta,
shekara uku, ko biyar, ba su rabu ba.
Ba su noma, ba su zuwa rijiya.
Tuwon da aka tuƙa wa Arzika daren jiya,
da su aka ci.

Ka san ƙuduji a gonar hatsi,
furensa kyakkyawa, bakinsa a saiwar wani.
Ka san kaska, raɓi mai jini,
a bayan kunnen sanka.
To, wannan ɗan'uwansu ne,
sai dai shi ya fi su wayo:
ba ya son mai gida ya mutu.
Wa zai cinna wa rumbun da yake ci wuta?
Kaɗan-kaɗan yake ɗiba,
har idon yaro ya yi fari,
har ya riƙa gyangyaɗi a lakkwal,
a ce masa rago.

"Ta ina ya shiga?"
Ta fata, ranar da ya bi ka kamun kifi.
Katantanwa ce ta yi renonsa a tabki,
ta sako shi da rana tsaka,
sa'ad da ruwa ya fi daɗin wanka.

Aka tsayar da Arzika jikin sandar awo,
tsayinsa ya faɗi yawan ƙwayoyinsa.
Ya haɗiye su da fura, yana yamutsa fuska.

A bakin ƙofa Nomau ya juyo.
"To, in ya warke, sai ya daina shiga ruwa?
Kifin nan fa shi ne cefanenmu."

Na buɗe baki, na rufe.
Ni ma ɗan bakin tabki ne.
Na goge gilashin, na ce,
"Ka hana shi fitsari a ruwa.
Ka dawo da shi bayan damina.
Kai ma, gobe, ka zo da taka kwalbar."